A Sauke Hoton Maƙwabciyata Daga Shafinku

Zuwa ga Malam Edita, mai kula da shafin labaran 'yan Arewa mazauna London.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka. Na so a ce a waya muka gama wannan magana, amma na kira, na tura saƙo, har maigidana ya tare ka bayan sallar Juma'a, abin da muke ji kawai shi ne za a duba. Shi ya sa na fito fili. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

Magana ce a kan maƙwabciyata a Abbey Wood, 'yar ƙasar Burma, Musulma, ma'aikaciyar jinya. Ba zan kama sunanta a nan ba, kun riga kun kama ya isa. Yarana suna ce mata Anti Mai-ganye, saboda kwaɗon ganyen shayi irin na ƙasarsu da take kawo mana. Tun da sojoji suka karɓe mulki a can, take rubutu a intanet da yarensu, da sunan aro, ba ta taɓa nuna fuskarta ba. Mutanen gida ke turo mata labari a ɓoye: an kama wane, an ƙone ƙauye kaza, an yanke intanet a gari kaza. Ita kuma ta tace ta wallafa. Mahaifiyarta da ƙanenta suna can har yanzu.

Na ɗaya. Ni na gayyace ta cin tuwon Sallah da muka yi a filin shaƙatawa na Regent's Park bayan an sauko daga Idi, don kada ta yi Sallah ita kaɗai a gida. Wakilinku ya zo da kyamararsa, ya zauna a tabarmarmu, ya ci waina, hira ta yi daɗi. Ya tambaye ta suna, ta faɗa. Ya ce na mahaifi fa? Ta ce su ba sa jingina suna da na uba. Ya yi dariya ya ce a wurinmu ba a kiran mutum tsirara, sai ta faɗa masa don kunya, har da garinsu. Da zancen rubutunta ya taso, a gabana ta roƙe shi kada ya buga. Amsar da ya bayar, yana kallona, ina riƙe da ita har yau: "Don't worry, ai da Hausa muke posting, wa zai karanta a Burma?"

Na biyu. Ba a yi nisa ba sai ga labari a shafinku, wai jarumar Burma ta yi Sallah da Hausawa. Ga hotonta fes, ga sunanta, ga sunan mahaifinta, ga garinsu, ga sunan shafin da take rubutu, duk a jere kamar ana sanarwar ɗaurin aure. Na san al'adarmu. Idan muna son mutum sai mun kira shi ɗan wane jikan wane, mun ambaci garinsu, sannan muke jin mun girmama shi. Ban ce da mugunta kuka yi ba. Amma abin da yake kirari a Kano, a can sammaci ne. Kuma Hausar da kuka fake da ita ba katanga ba ce. Sunan mutum ba ya buƙatar fassara, sauran kuwa wayar ɗiyata 'yar firamare ma tana juya shi zuwa kowane yare.

Na uku, kuma shi ne ya hana ni sukuni. Ƙanenta ya aiko cewa wasu maza biyu sun je shagon mahaifiyarsu, ba su sayi komai ba, suka nuna mata hoto a waya suna tambaya ko 'yarta ce. Hoton nan da gyalena a gefensa. Tsohuwar ta rufe shago ta tafi wurin dangi a ƙauye, inda intanet ke zuwa yau ya ɗauke gobe. Tun daga nan shiru. Maƙwabciyata ta daina rubutu, masu turo mata labari sun goge lambarta don tsoro. A jirgin ƙasa na Elizabeth line muke tafiya aiki tare, daga Abbey Wood har mu rabu wayarta na hannunta, ko tari wayar ta yi sai ta duba. Ni kuwa na rasa inda zan sa kaina, in zauna in tashi, in ɗora tukunya in manta da ita.

Da na same ka a waya ka ce yabon gwani ya zama dole, kuma "post ɗin yana trending, Hajiya, a bari sai bayan weekend." Haba Malam! Kai da bakinka ka sha ba mu labarin zamanin soja a Nijeriya, yadda kake rubutu da sunan aro, kana kwana gidan wannan aboki yau, gobe gidan wancan. Da a lokacin wani masoyi ya buga hotonka da kwatancen gidan mahaifiyarka don ya yaba maka, da ka gode masa? Wallahi na ji ciwon wannan amsa, kuma daga bakinka ta fi yi mini ciwo.

Abin da nake roƙo ba shi da yawa. Ku sauke labarin da hoton yau, daga shafin da duk sauran wuraren da kuka liƙa shi. Ku roƙi 'yan group ɗinmu na 'yan Arewa mazauna London su goge, su daina turawa. Na san magana zarar bunu ce, abin da ya fita ya fita, amma a rage abin da za a iya ragewa. Kada kuma ku rubuta neman afuwa da sunanta a ciki, don na san halinmu, garin gyaran gira sai mu tsokale ido. Sannan ku koya wa wakilanku cewa idan mutum ya ce kada a buga, to kada a buga, ko da wane yare ne.

Kullum da safe kafin mu fita sai ta ƙwanƙwasa mini ƙofa, in buɗe mata shafinku ta gani ko an cire. Ba ta jin Hausa, amma tana gane sunan mahaifinta a tsakiyar rubutun, nan take ɗora yatsa. Yau ma mun duba, yana nan. Ta gyara jakarta muka sauka daga bene. Gobe ma za ta ƙwanƙwasa, Malam, kuma abin da zan nuna mata yana hannunka.

Allah ya yi maka jagora, ya tsare maka naka iyalin a duk inda suke, ya kuma kuɓutar da wannan tsohuwa da ɗanta.

Wassalam.

Hajiya Rabi Umar,
Abbey Wood, London.