Rasuwar Maestro Eladio, Mai Ƙulla Wayoyin Motocinmu

Cikin alhini mai nauyi, da zuciyar da har yanzu ba ta amince da abin da kunne ya jiye mata ba, Ƙungiyar Direbobin Tsofaffin Motocin Haya ta Unguwar Cerro a birnin Habana, ƙarƙashin jagorancin Shugabanta, Mai Girma Don Aurelio Cepero, tana sanar da mambobinta da fasinjojinta da dukkan jama'ar unguwa cewa ta samu labarin rasuwar ubanmu kuma malaminmu, Mamba na Girmamawa, Babban Mai Gyaran Wutar Mota, Maestro Eladio Quiñones Barreto, wanda manya da yara suka fi sani da Tartsatsi. Ya rasu da hantsi yana zaune a kan kujerarsa a bakin gareji, gahawar da ke hannunsa ko hucewa ba ta yi ba, yana da shekara tamanin da ɗaya. Wannan saƙo ya makara da wata guda cur, kuma laifin na mai sa hannu ne, domin kunya ce ta riƙe masa alƙalami.

Shekara hamsin da biyar marigayin ya yi da kansa a ƙarƙashin dashbod, ƙafafunsa a waje, yana hidimar motocin da suka girmi yawancin masu tuƙa su, waɗanda jikinsu na Amurka ne tun na kakanninmu, injinsu kuwa wani daga tarakta aka ciro, wani daga jirgin ruwa. Bai taɓa riƙe mitar auna wuta ba. Ƙwan fitila ɗaya da 'yar waya biyu su ne kayan bincikensa, da hancin da ke jin ƙaurin waya tun mota tana kwanar layi. Ba za mu yi masa ƙarya don ya mutu ba, Maestro ba mutum ne mai daɗin baki ba. Babu mamban da bai sha faɗansa ba, musamman abokin aikinmu Nicanor, wanda ba ya iya barin mota ta huta. "Wa ya taɓa min waya?" haka yake fara gaisuwa. "Nicanor, kai ne ko? Hannun nan naka ko kyandir bai kamata a ba shi ya kunna ba. Matsa can, kana tare min haske." Sai ya gama zagin ya gyara motar, sannan ya tambayi lafiyar yara.

A shekarun wahala na alif ɗari tara da casa'in, lokacin da wayar mota ta ɓace daga kasuwa gaba ɗaya, marigayin ya samo wani ƙaton naɗin waya daga masana'antar sukari da aka rufe, kuma da ita ya sake wayarin motoci arba'in da shida na wannan ƙungiya, ɗaya bayan ɗaya. Matsalar ita ce wayar duk launi ɗaya ce, ruwan toka. Babu ja, babu baƙa, babu shuɗiya da za ta nuna wacce ce ta batir, wacce ce ta fitila. Sai ya riƙa ƙulla su: wannan ƙulli ɗaya, waccan biyu, wata uku a jere. Kuma da yake kowace mota da irin haɗin da ke cikinta, da fis na takardar ƙarfe da makunnin da ya ciro daga tsohon firji, ƙulli biyu a motata ba shi ne ƙulli biyu a motar maƙwabcina ba. Ma'anarsu duka tana cikin kansa. Gidaje arba'in da shida ke cin shinkafa da baƙin wake a kan waɗannan ƙulle-ƙullen, kuma ba a taɓa rubuta ko ɗaya a takarda ba.

A nan ne ƙungiya take son ta faɗi gaskiya a gaban jama'a, domin ba rowar ilimi marigayin ya yi ba. Sau uku yana miƙewa a taronmu na wata, yana dafa kujera, yana cewa: "Ku ba ni Lahadi biyu kacal. Ku jero motocin, wani ya zo da littafi, in faɗa yana rubutawa. Idona ya fara tafiya, 'ya'yana, ni ma kuma ba ƙarfe ba ne." Sau uku muna yi masa tafi, muna cewa ai Tartsatsi sai ya binne mu duka. Lahadi kuwa ita ce ranar ɗaukar amare da 'yan matan da ake wa bikin cika shekara goma sha biyar, babu direban da ke son ajiye mota. Ni da kaina, a matsayina na Sakatare, na rubuta a ƙasan bayanin taron cewa an ɗage maganar zuwa bayan damina. Damina uku ta wuce.

Kwana tara da binne shi, fitilun motar Nicanor suka ɗauke. Ya kai ta wurin wani mai gyara mai takardar shaida da mita, mutumin kirki ƙwarai, wanda ya duba wata motarmu ya ga ƙulli biyu ta fitila ce, sai ya yanke mai ƙulli biyu a ta Nicanor ya haɗa. Kafin a cire kan batir, hayaƙi ya cika motar, dashbod ya ƙone ƙurmus. Mutumin ya wanke hannunsa ya ce a cire wayarin duka a sa sabo. Shawara ce mai kyau, saura wanda zai nuna mana inda ake sayar da sabuwar wayar da kayan haɗinta. Nicanor, mai surutun da ba a iya katse shi, yanzu keke yake turawa, kuma in an gaishe shi hannu kawai yake ɗagawa. Daga nan wasu motoci uku sun bi bayan tasa, ciki har da tawa.

Mu shugabannin ƙungiya mun je gaisuwa wurin uwargidan marigayin, Mai Daraja Doña Hortensia Valdivia, wadda ta zauna da shi shekara hamsin da biyu, da 'yarsu tilo, Malamar Jinya Yamilé Quiñones Valdivia. Sun karɓe mu da mutuncin da ba mu cancanta ba. Bayan an sha gahawa, na kasa haƙuri na tambaya ko Maestro ya bar wani littafi, ko da 'yar takarda ce a aljihun riga. Doña Hortensia ta dube ni ta ce: "Reinerio, ɗana, mijina bai iya rubutu ba, sunansa ma ni nake sa masa. Shi ya sa yake ƙulli. Kai ne mai littafi. Kowace Lahadi sai ya aske gemu ya zauna a bakin garejin nan, wai ko za ku zo." Ni ban san lokacin da na fito daga gidan ba.

Ƙungiya tana roƙon Allah Ya jiƙan Maestro Eladio, Ya ba shi hutun da mu muka hana shi. Tana addu'a Allah Ya ba Doña Hortensia da Malama Yamilé da sauran dangi haƙuri da ƙarfin zuciyar jure wannan babban rashi, kuma tana neman gafararsu, ko da yake ta san neman ya zo a makare. Mu kanmu ba mu da wata kalmar ƙarfafa gwiwa da za mu ba mambobinmu, domin ba mu ga mafita ba, kuma ba za mu yi kamar mun gani ba.

A ƙarshe, ana umartar kowane mamba kada ya bari a yanke ko a kwance wata waya a motarsa. Duk wadda wutarta ta mutu, a taru a turo ta filin da ke bayan ofishin ƙungiya, a rufe ta da tamfol. Mun auna filin jiya, zai ɗauke mu duka.

Sa hannu:
Reinerio Pentón Lazo
Sakatare kuma Mai Magana da Yawun Ƙungiyar Direbobin Tsofaffin Motocin Haya ta Unguwar Cerro, Habana