Sati Uku Na Yi a Jami'ar, Shekara Ashirin Ina Taƙama

Malama Safiya, ki agaza mini, bakina ya yanka mini wuya.

Ni ma'aikacin sashen kula da kamun kifi ne a Yelwa. Shekara ashirin da suka wuce, ofis ya tura ni wata tsohuwar jami'ar gwamnati kwas ɗin sati uku kan bandar kifi. Cikin satin ukun ma, kwana huɗu zazzaɓi ya cinye. Amma na dawo da sitikarta na manna a babur, na haddace shekarar da aka kafa ta da sunayen farfesoshin da ban taɓa gani ba. A majalisarmu ta bakin ruwa kowa ya ɗauka digiri na yi, ni kuwa ban gyara wa kowa ba. Sabuwar jami'ar da aka buɗe daga baya kuma na sa mata suna sakandaren da ta yi ƙiba, aka yi ta dariya, na ji daɗi.

Ashe ɗiyata Rahamatu tana naɗewa. Bana sabuwar ta ba ta gurbin karatun harhaɗa magunguna, tsohuwar kuwa karo na biyu ke nan ba ta samu ba. Ta rantse ba za ta je ba, sai inda babanta ya yi. Ranar Juma'a ake rufe rajista. Innarta ta san gaskiya, kallona kawai take yi. Wallahi kunya nake ji.

Mai Digirin Banda, Yelwa

Malam, ka ba ni dariya, amma Juma'a ta kusa.

Tsohuwar jami'a ba a banza ta yi suna ba, kuma ba laifi yarinya ta so ta. Sai dai ita ma akwai ranar da take sabuwa. Abin dubawa shi ne ko hukuma ta amince da kwas ɗin, ko akwai malamai da ɗakin gwaji. Ku je sabuwar jami'ar tare gobe, ku tambayi ɗalibai, ta gani da idonta.

Kafin ku kama hanya, ka zaunar da ita ka faɗa mata sati uku ka yi. Kada ka tura innarta. Za ta yi fushi, wataƙila ta yi dariya. Ɗiya takan yafe wa ubanta cika baki, amma shekarar da ya cinye mata tana da wuyar mantawa.

Allah ya ba ka ƙarfin hali, ya yi wa karatun Rahamatu albarka.