Kai Dai Ka Girgiza Kai

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, maigidana abin alfaharina,

Ka ga ikon Allah! Ɗakinmu ɗaya, amma sai a takarda zan yi maka magana, don in na buɗe baki hawaye ke riga ni. Wata bakwai ke nan da shanyewar jiki ta ɗauke maka magana, kai da ka yi shekara ashirin kana tafinta a kotu, kana ara wa mutane baki. Jiya Yayanka ya ce ran Asabar zai ɗauke ka zuwa gidansa, wai don in huta, na kuma ga ka gyaɗa kai. Wa ya ce maka na gaji?

Ka tuna safiyar da ka hana ni tashi bayan sallar asuba? Ka dafa ni da hannunka mai lafiya, ka lumshe ido. Ni da ka laƙaba wa suna Rediyo, na zauna bakina na ƙaiƙayi, hankalina na can wajen wanki da maganinka na ƙarfe takwas. Carbi ya tsaya a yatsunka, ba ka ja ba, ba ka saki ba. Sannu a hankali tunanina ya kwanta, kamar laka a ruwan da aka daina motsawa. Na ji numfashinka, na ji nawa, daga nan na kasa rarrabe su. Sai wani abu ya cika ɗakin, ba haske ba, ba ƙamshi ba. Na dai san Wanda muke kira ya fi kiran kusa da mu. Na nemi sunan abin na rasa, kai ma tafinta, ko da bakinka, na san da ka rasa.

Tun ranar nake jiran zaman nan kamar shuka mai jiran ruwan sama. Na gwada ni kaɗai, ko minti biyu ban yi ba na tuna ban kashe murhu ba. Kai kana ganin ka zame mini kaya. Wallahi ban taɓa fahimtarka kamar yanzu ba, kuma tsoro nake ji in wayi gari in tarar da sallayarka a naɗe.

Don Allah, masoyina, in Yaya ya zo kada ka ji nauyinsa. Kai dai ka girgiza kai, sauran bayanin ni zan yi masa.

Taka har ranar da za a rufe ni,
Matarka