Aljihun Malam a Kwandon Shara

Litinin, 6 ga Oktoba 2025

Kwana goma ke nan da fitata takaba. Kayan Malam an raba tuni. Ɗanmu Faruku ya ɗauki amalanke da san da ke jansa, riguna an kai wa ƙannensa. Ni aka bar wa wayar, don gilashinta ya tsage, ba mai so.

Da ita nake aika wa jikokina na Damagaram tatsuniya ta wasap. Yau ina tsakiyar labarin bushiya mai sayar da allura, wayar ta tsaya, wai ta cika. Na buɗe wurin hotuna in ga me ya cika ta. Bidiyo arba'in da ɗaya, duka baƙi ƙirin kamar cikin rijiya. Mutum ya shekara saba'in bai iya ɗaukar hoton ko kaza ba! Na zaɓe su duka na goge. Allah Ya ji ƙanka, Malam, amma ba ka bar mini wuri ba.

Laraba, 8 ga Oktoba

Har yanzu wai ta cika.

Na zauna na bi ta lungu-lungu da ɗan faransancina na aji biyar, Allah Ya saka wa mushenmu, malamin boko na lakwal ɗin Magarya. A saman wurin hotuna akwai ɗigo uku a tsaye. In ka taɓa sai ga kwandon shara. Ashe abin da ka goge ba ya tafiya, can yake zama kwana talatin, kuma yana cin wurinsa kamar dā. Ga su nan su arba'in da ɗaya, kowanne da lamba a goshi: 28. A ƙasa maɓalli biyu, ɗaya na maidowa, ɗaya na zubarwa gaba ɗaya.

Na gama ƙirgen kwana ɗari da talatin, yanzu waya ta ba ni wani ƙirgen. Zan zubar gobe. Yau hannuna da man gyaɗa.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban zubar ba. An kawo damman gero daga gona, ba sukuni.

Asabar, 11 ga Oktoba

Na gano sirrin baƙin bidiyo, kuma ni kaɗai na gano! A cikin parametir, inda ake saita waya, akwai wani wuri da ya ce in an danna maɓallin gefe sau biyu da sauri, kamara na buɗewa ko wayar na rufe. Malam kuwa kullum hannunsa na cikin aljihu yana matsa ta, yana duba ko ba a sace ba. Shi ke buɗe kamarar, yatsa ya taɓa jan ɗigon, aljihu ya yi ta ɗaukar kansa. Shekara biyu yana zagin batir.

Na kuma ƙara girman rubutu, yanzu ba sai na miƙa hannu har ƙofa ba. Akwai wani ɗan jinjirin wata a sama, in ka taɓa shi wayar ta yi shiru ko wa ya kira. Na gwada a kan Yagana maƙwabciyata. Ta kira sau uku, sannan ta leƙo ta saman danga: "Ke tsohuwar banza, ga waya a cinyarki!" Na ce mata reso ne, layin waya ke ɓacewa.

Talata, 14 ga Oktoba

Mariama ta kira daga Damagaram. Najib ya karɓe wayar: "Kaka, bushiyar fa? Kin bar ta a kasuwa." Na ce, "Angona, ka yi haƙuri, kai ma ka bar ni sati guda ba kuɗin cefane." Ya ce ya sake ni. Shekara shida, saki na huɗu ke nan.

Da uwarsa ta dawo kan layi na ba ta labarin aljihu, ina dariya. Ita ba ta yi ba. "Inna, da muryar Baba a ciki?" Na ce ina na sani, hoto ne baƙi, na share. Sai ta ce ita ba ta da muryarsa ko ta minti ɗaya, bai taɓa yarda ya aika saƙon murya ba, wai ba ya magana da ƙarfe. Na ce, "To ya tafi, muryar me za ki jiƙa ki sha?" Ta ce sai an jima.

Ban faɗa mata zancen kwandon ba. Ban san dalili ba.

Juma'a, 17 ga Oktoba

19.

Bayan azahar na ce bari in tabbatar ba komai a ciki kafin in zubar. Wayar ba ta kunna abin da ke kwando sai an maido shi, don haka na maido ɗaya. Na ɗaga sauti.

Ƙarar ƙafar amalanke. Shafar yadi. Sai tarinsa, wannan guntun tarin da yake yi kafin ya yi magana. "Gajere, ka bi a hankali, ni da kai ba mai jiranmu sai faɗa." Da sa yake magana! Minti huɗu yana ba wa san labarin ciwon gwiwarsa, wanda ni bai taɓa gaya mini ba.

Na maida shi kwando. Lambarsa ta koma 30, sauran suna 19. Wato shi ya samu ƙarin kwana. Mai sa'a.

Tuwon dare ya yi gudaji. Garin ne.

Lahadi, 19 ga Oktoba

Na ji shida. Uku iska ce kawai. Ɗaya yana cinikin igiya a kasuwar Dungas, an cuce shi kuma yana godiya.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Wannan sai na rubuta duka.

Na goma sha tara, minti tara. Bakin rijiya ne, ana jin guga da shanu. Maza uku ko huɗu. Sai na ji Malam ya ce, "Ku tsaya ku ji wata bushiya." Bushiyata! Mutumin da in na fara tatsuniya yake ɗaukar buzunsa ya fita, wai ƙarya ce da rana tsaka. Shekara arba'in da shida yana cewa haka. Ashe a zaure yake tsayawa.

Ya kawo ta daidai: yadda ta ji allura na tsada, ta je kasuwa ta yi ta cire ƙayarta tana sayarwa har ta zama tsirara. Har muryar bushiyar ya maƙale kamar yadda nake yi. Amma ƙarshen ya ɓata. A nawa, kare ke tsare ta a hanya ya cinye, don yara su san kwaɗayi. Shi wai ta iso gida, mijinta ya tuɓe rigarsa ya rufa mata, ya ce ƙaya za ta sake tsirowa. Ina aka taɓa yin haka?

Wani ya ce, "Malam, ina ka samo wannan?" Ya ce, "Wajen mai ɗakina. Kada ku faɗa mata, kanta zai ƙara girma." Suka yi dariya. Sai yadi, sai shiru.

Ɓarawon labari. Ka mutu ban kama ka ba.

Litinin, 27 ga Oktoba

Yagana ta same ni da waya a kunne ina tsince wake, ban ji sallamarta ba. Na kunna mata na rijiyar. Ta yi dariya har ta riƙe ciki, daga baya ta ja bakin zane ta share fuska. Ta ce, "Ki bar bawan Allah ya huta. Addu'a yake so, ba saurare ba. Ni da nawa ya rasu ko hularsa ban bari ba." Na ce ai na riga na jefa shi a shara, kwana tara suka rage. Ta ce, "To me kike yi a bakin sharar kullum, kamar kaza?"

Na ba ta wake ta tafi.

Laraba, 29 ga Oktoba

Najib ya aiko saƙo, wai ya maida ni, in dai zan ƙarasa bushiya. Wayar ba ta karɓar muryata sai an samu wuri. Maɓallin zubarwa kuwa taɓawa ɗaya ce.

Asabar, 1 ga Nuwamba

4.

Na gano inda ake hana wasap sauko da kowane hoto da kansa. Da na duba, furannin barka da Juma'a sun fi ɗari bakwai, da wa'azin da ba wanda ya buɗe, da bidiyon wata akuya tana hawa moto sau biyar daga mutum biyar. Na goge su, na shiga kwando na zubar da su kaɗai, ɗaya bayan ɗaya, ina kaffa-kaffa kada yatsana ya zame kan baƙaƙen. Ya ci mini yini guda. Wurin da aka samu bai kai yadda na zata ba, amma ya ɗauki tatsuniya ɗaya.

Talata, 4 ga Nuwamba

1.

Da hantsi na maido su. Duka, har da masu iska kawai, don ban da lokacin tantancewa. Ba wani abu ba ne, hujja ce: in yara suka girma su san wa ya saci labarin wa.

Na aika wa Mariama na amalanken. Ta kira ba ta iya magana ba, ni ma reso bai da kyau, muka yi ta riƙe waya haka nan har ta yanke.

Yanzu wayar ta sake rubuto mini wai ta kusa cika, in rage kaya. Ta yi ta faɗa. Ɗakin nan ma da Malam yana ciki ba wurin aje ƙafa, kuma haka muka zauna.