Gyaran Da Kika Nema

Zuwa ga sanyin idona, inuwata ta tsakar rana, ruwan randa ga wanda ya sha tafiya, ke da ko sunanki aka ambata sai gabana ya faɗi,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki da zuciyar da har gobe taki ce, ko da yake yau a ƙule take. Yaya Mama da ciwon ƙafa? Yaya Baba? Shi kam na san lafiyarsa lau, tunda yana da ƙarfin ƙara wa mutum shekara daga inda yake zaune.

Saƙonki ya iso. Yayanki ya turo min muryarki, na yi ta maimaitawa har wayar ta ɗau zafi a hannuna. Kika ce, "Ka daure ka ƙara shekara ɗaya, in ji Baba. Kwamiti na jin daɗin aikinka, kuma in ka dawo mutane za su fi ganin girmanka. Ni ma ina ganin hakan ya fi." Ni ma! Haba, hasken raina! Da maganar Baba ce kaɗai da na haɗiye, dama na saba. Amma wannan "ni ma" ɗin ta tsaya min a maƙoshi kamar ƙayar kifi, ta ƙi shiga, ta ƙi fita.

Kin tuna ranar da kika fara tsayawa gaban barona a bakin tasha? Hadari ya haɗo, iska na wasa da mayafinki, kika zaɓi lemo kina daddanna shi kamar ya yi miki laifi. Na zuba miki a leda, kika ɗago ido kika ce, "Mai lemo, ba gyara?" Wallahi da kin ce in tura miki baron gida, da na tura. Na ƙara miki ɗaya, na kuma ƙara, har mai rake na kusa da ni ya ce, "Kai, yau wani zai karye!" Kika yi dariya kika tafi, ni kuwa na wuni ina ba mutane ayaba in sun ce abarba.

Da magana ta kai gaban Baba, kin san abin da ya ce. "Yaro, ba mu ƙi ka ba. Amma 'yata ba za ta buɗe baki ta ce mijinta na tura baro ba. Kana da karatu, ga kwamitinmu na da'awa na neman masu tafiya waje. Je ka yi shekara biyu, ka dawo Malam, a ɗaura." Na dube ki, kika sunkuyar da kai. Na kifa baro a zauren Innata, na lulluɓe shi da buhu, na taho ƙasar da ko "sannu" ban iya da harshensu ba.

Kada ki ce na raina aikin Allah. Ban raina ba. Ɗakina yana saman ɗan masallacinmu: gadon ƙarfe, risho, igiyar shanya daga ƙusa zuwa taga. Bayan asuba dattawa ke zuwa karatu, wasu ba haƙora, suna ta kokawa da haruffa, ni ma ina kokawa da nasu harshen, mu yi wa juna dariya. Da hantsi ɗalibai, da la'asar mata. Ranar da wani tsohon direba ya kai ƙarshen sura shi kaɗai ba tuntuɓe, sai da na juya baya na share ido. Amma idan aka watse na hau sama, babu mai ce min sannu da aiki, sai taga.

Tagar nan ita ce azabata, zumata. Ƙarƙashinta kuwa masu talla ne jere. Mai burodi da kekensa, yana buga ƙararrawa kamar gobara ta tashi. Mai gyaran takalmi da ƙusoshi a baki. Wani da ke rataye gilashin ido da cajar waya a jikin tsohuwar lema. Sai mai kankana da matarsa. Su ne suka hana ni sakat! Shi yana yankawa, ita tana ɗaurewa a leda tana korar ƙuda. Kullum sai sun yi faɗa: ta ce ya yanka da kauri, ya ce bakinta ya fi wuƙarsa kaifi. In rana ta take, sai su zauna a bayan baronsu su sa hannu a kwano ɗaya, ta tsince masa ƙwallon kankana daga gemu tana masa tsiya. Na yi wata da watanni ina leƙen fuskar matar nan ko zan ga kunyar sana'ar mijinta. Ban gani ba. Ni da farar riga da hula, ana ce min Malam, ina kishin mai kankana!

Bari in ba ki labarin da na san ya riga ya kai kunnen Baba. Rannan ina dawowa daga karatun mata, littattafai a hammata, sai na ji fito. Motar hukumar gari ce, masu kwashe kayan talla. Titi ya hargitse, kowa ya suri nasa. Wata tsohuwa mai lemo ta kama baronta, ƙafar baron ta faɗa kwata, ta tsaya tana salati. Ban san sanda na watsar da littattafai a kan lemon ba. Hannuna ne ya tuna abin da riga ta manta. Na ciccibi baro, na tattare riga, na zuba a guje, lungu zuwa lungu, tsohuwa na bina tana haki. Da ƙura ta lafa, ta kama tafin hannuna ta shafa kantar da ke jiki, ta ƙyalƙyale da dariya. Mai gyaran takalmi, wanda muke ɗan jin juna da shi, ya fassara min: "Ta ce ashe Malam namu ne."

Shugaban kwamitinmu na nan kuwa da ya ji, kirana ya yi. "Malam guda, kana tsere da baro a titi? Ka zubar mana da mutunci!" Na ba shi haƙuri. Amma ki ji gaskiya, abar ƙaunata: tun da na zo ƙasar nan ban taɓa jin ƙirjina ya buɗe kamar a wannan gudun ba.

Tun ranar, in na sayi lemo wurin tsohuwar sai ta jefa min ɗaya a kai. Ashe su ma suna da gyara, suna ne kawai ya bambanta. Shi ya sa da na ji saƙonki na ce, ashe shekarar nan ma gyara kike nema. Ke kin sani, ni na sani, gyara mai kaya ne ke yi, da hannunsa, don ransa ya so. Mai saye ba ya miƙa hannu ya ɗiba. Kuma a wace kasuwa aka taɓa sayen biyu a nemi gyaran ɗaya? Na tsaya bayan baro tun ina ƙarami, na san masu saye. Akwai wanda zai ɗaga, ya juya, ya shinshina, ya ce ƙara, ka ƙara, ya ce ƙara. Wannan ba kayan yake so ba, hanyar wucewa yake nema ba tare da ya ce ba ya so ba. Baba na gane shi. In na cika uku zai ce huɗu, don ba shekara yake jira ba, jira yake kantar hannuna ta goge, ita kuwa ba ta gogewa. Ke ce ban gane ba. Ke ma wucewa kike son yi, tauraruwata? Ko kuwa tsoro ne ya ari bakinki?

Ina son ki. Ina son ki kamar yadda ƙasa ke son ruwan farko, kuma ina jin haushinki, duk a zuciya ɗaya. Me na rage miki? Na bar Innata da tsufa, na bar abokan sana'a suna min ba'a, na koyi cin abinci ni kaɗai ina kallon bango. Duk ban yi ƙorafi ba, don na ɗauka kina can kina ƙosawa kamar yadda nake ƙosawa. Ashe shekara guda a wurinki abu ce da ake faɗa cikin murya mai sanyi, a ƙarasa da "ka gaishe da ɗalibai."

To ga amsata, na kuma riga na gaya wa shugaba. Biyun da na ɗauka zan cika su cif, don alkawari ne tsakanina da Allah, kuma dattawan nan suna da haƙƙi a kaina. Ta ukun babu. In na dawo zan koyar a masallacin unguwa da asuba, da hantsi kuma in fito da barona, da farar rigar ko babu ita. Ba zan yi miki alkawarin girma a idon mutane ba. Na yi miki alkawarin ba za ki taɓa cin abinci ke kaɗai ba muddin ina numfashi.

Yayanki zai san ranar saukata. Kada ki aiko da murya, kada ki aiko da "in ji Baba". Ki zo tasha da ƙafarki. Zan sauko, in duba dama, in duba hagu. In na gan ki, duk wannan ɗacin zan zubar da shi a nan bakin mota. In ban gan ki ba, na ji amsa, kada a wahalar da kowa wajen yi min bayani.

Naki, ko kin zo ko ba ki zo ba,
wanda bai iya son kowa ba sai ke.