Ranar da Baba Ya Kira Sunana

Daren Laraba, Gaithersburg

Barci ya ƙi zuwa.

Shirin mata na jiya ne ya jawo min. Na yi shi a kan wani masanin Turai da ya rubuta tun ɗaruruwan shekaru cewa mace ta fi namiji daraja. Mutanen zamaninsa ba su fahimce shi ba, har matsafi suka riƙa ce masa. A gidan rediyonmu, in maganar namiji ce, namiji ke karanta fassarar. Malam Sani ne zai karanta, cunkoson motoci ya riƙe shi a hanyarsa ta zuwa daga garin Bowie. Ni da shegen gaggawata na karanta da kaina.

Yau ƙanwata Bilki ta turo min guntun shirin daga gida Zariya. Wani mara tsoron Allah ya yanke farkon, inda na faɗi mai maganar, ya bar muryata zalla tana cewa mata ne gaba da maza. Ta ce, "Yaya, har a ƙofar masallacin da Baba ke limanci an kunna."

Na kira Baba a waya. Sunan mahaifiyarsa aka sa min, shi ya sa tun ina goye Uwata kawai yake ce min. Na gaishe shi.

Sai ya ce, "Hajara, muryarki ce ko ba taki ba ce?"

Wayyo Allah. Tawa ce.