Kofinmu da Ƙafar Barewa

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Gaisuwa mai tarin yawa daga ƙaninka, tare da addu'ar Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da Anti da yara. Allah ya ƙara rufa asiri, ya sassauta maka sanyin nan da kake yawan kuka da shi, ya dawo mana da kai lafiya. Mu nan sai godiya. Umma ta samu sauƙin ciwon baya har ta koma ɗinkinta, sai dai yanzu sai an zura mata zare a allura. Baba yana nan yadda ka bar shi, hannun hagu bai dawo ba, amma yana takawa da sanda har bakin titi. 'Yan biyu sun fara haƙora, uwarsu ta ce in gaya maka sun gado cin Baffansu.

Saƙonka na taya murna ya iso tun ranar da muka ɗauki kofin gasar ƙwallon ƙafa, kuma na san ka yi mamakin shirun da na yi maka wata uku. Duk kiran da ka yi nakan ce ina kan aiki, in katse. Ka yafe mini. Maganar da ke cikina ba ta waya ba ce, domin in na ji muryarka tana dariya ba zan iya faɗa ba. Shi ya sa na ɗauki biro.

Ka san shekara goma sha tara ƙungiyarmu ta yi tana tsugune a ƙaramin rukuni, tun kana tsare mata baya. Bana ma ba mu fara da alamar alheri ba. A wasa biyar na farko maki huɗu muka samu, har masu shagunan layinmu suka daina tambayata sakamako don tausayi. Sai aka kawo sabon koci, tsohon malamin makaranta, mutum mai sanyin murya wanda bai iya zagi ba. Ya mai da atisaye ƙarfe shida na safe kafin kowa ya tafi sana'arsa, tunda dukanmu da guminmu muke ci: golanmu direban motar haya ne, Dogo ɗan gabanmu yana gasa burodi, ni kuma mai tsaron baya ina waldata. Ya ba ni kyaftin, ya ce ba don na fi kowa iyawa ba, sai don na fi kowa jin zafin a doke mu. A lokacin na ɗauka yabo ne.

Daga nan muka yi wasa goma sha shida ba a ci mu ba. Mun buga cikin laka har idon sawu. Mun yi tafiyar awa bakwai a bas ɗin da da igiya ake ɗaure ƙofarsa, muka sauka ƙafafu a kumbure, muka ci biyu da nema. Golanmu ya tsare raga wasa huɗu da karyayyen yatsa naɗe da filasta, ya tashi da safe ya riƙe sitiyari da shi. Na fara da wannan ne don kada abin da zan faɗa maka ya shafe shi. Mutanen nan sun sha wahala da gaskiya, kuma kofin halalinsu ne.

A wasan ƙarshe muna gaba da maki ɗaya, kuma masu bin bayanmu su ne za su zo filinmu. Mu canjaras ya ishe mu, su kuwa dole sai sun ci. Suna da wani ɗan gaba da ake kira Barewa, kafinta ne mai rufin kwano, ɗan shekara ashirin da huɗu, dogo siriri, ƙwallo ashirin da biyu ya ci a kakar. Minti goma sha biyu da farawa ya wuce ni kamar an dasa ni, ya jefa ƙwallo a raga. Kafin hutun rabin lokaci Dogo ya rama mana da ka. A ɗakin canza kaya koci ya ce in daina manne wa Barewa, in ba shi taku biyu in jira shi. Abin da ya ce ke nan, bai ƙara ko kalma ba. Na rubuta maka wannan don kada ka ɗora masa komai.

A minti na saba'in da ɗaya aka jefo wa Barewa ƙwallo ta gefe, ya tura ta gaba ya biyo ta. A bidiyon da ka ce kun kalla sau ba adadi za ka ga kamar ƙwallon na nufa, haka ma alƙalin wasa ya gani, shi ya sa ko katin gargaɗi bai ɗaga ba, jifa ya ba su. Gaskiya ne ƙafata ta dama ta taɓa ƙwallon ta fitar da ita waje. Amma ta hagu, Yaya, ina da lokacin naɗe ta. Na ga ƙafarsa a kafe a ƙasa, na ga ƙwaurinsa, na miƙe tawa da ƙusoshin takalmi a gaba, na sa nauyina duka. Ban yi nufin karya shi ba, Allah shaida, amma na yi nufin ya ji ciwon da zai hana shi gudu a sauran minti ashirin ɗin. Ƙarar kamar an taka busasshen icce. Bai yi ihu nan take ba. Ya ɗago ya kalli ƙafar, ya ga ƙashi ya huda safa, sannan ya kalle ni.

Babu motar asibiti a filin ranar. A bayan motar ɗaukar kaya aka kwantar da shi, da lakar fili a cikin raunin. Aka ci gaba da wasa, aka tashi ɗaya da ɗaya, 'yan kallo suka karya shinge suka shigo. Aka ɗaga ni a kafaɗa ana rera mini kirari cewa Bango ba ya tsallakuwa. Ni na fara karɓar kofin, na yi mamakin rashin nauyinsa. Zan so in ce maka jikina ya yi sanyi tun a nan, amma ƙarya zan yi. Na yi rawa, Yaya. An zagaya da mu a buɗaɗɗiyar mota har rana ta faɗi, kuma muryata ta fi ta kowa tashi.

Baba ne ya fara tsayar da ni. Ka san an kai shi filin ranar, an zaunar da shi a kujera kusa da layi. Da na dawo gida tsakar gida cike da maƙwabta, na miƙa masa lambar da aka rataya mini. Ya juya ta da hannunsa mai lafiya, ya mayar mini, ya tambaye ni ko na je na duba ɗan mutane. Na ce sai gobe. Ya jira har mutane suka ragu, sannan ya ce mini shi tun ina rarrafe yake kallon faɗuwata, ya san wadda santsi ya kawo, ya san wadda na shirya. Labarin zuciya a tambayi fuska. Bai sake tayar da maganar ba, kuma har yau bai gaya wa Umma ba.

Goben nan tawa ta kai sati uku. Yau liyafar shugaban ƙungiya, gobe ɗaukar hoto, jibi aiki ya yi yawa a shago. Ina lallashin kaina cewa karaya ce, kowa yana karyewa ya warke. Ran nan golanmu ya tsayar da motarsa a ƙofar shagona bai kashe inji ba, ya ce ya sauke wani fasinja a asibitin da aka kwantar da Barewa, ya ji labari: raunin ya ruɓe, an yi aiki sau biyu bai yi ba, an yanke ƙafar daga ƙasan gwiwa. Na ajiye abin walda, na rufe shago.

Washegari na je asibitin. Ɗaki ne mai gado takwas, nasa yana bakin taga, bargon ya kwanta shafal a gefe ɗaya. Matarsa tana zaune da jaririya a cinya, da ta gane ni sai ta tashi ta fita. Na durƙusa na gaya masa komai, kamar yadda na rubuta maka yanzu, ban rage ba. Ya saurare ni har na gama. Ya ce ai ya sani tun lokacin da ya kalli fuskata. Ya ce ya gaya wa abokan wasansa da 'yan'uwansa tsautsayi ne, domin da ya faɗi akasin haka da sun biyo ni har gida, da yanzu gida biyu ne ke kuka. Ya ce ba ƙwallon ce ke ci masa rai ba, dama ya san shekarunta kaɗan ne. Tsani ne. Tun yana shekara goma sha biyar yake kan rufin mutane, bai san wata sana'a ba, kuma ba a hawa tsani da ƙafa ɗaya. Na roƙe shi gafara. Ya ce ba zai yi mini ƙarya ba, zuciyarsa ba ta kai nan ba tukuna, watakila wata rana, watakila kuma babu. Da na fito na tarar da ledar lemun da na kawo a ƙasa a bakin ƙofa, ko kwance ta ba a yi ba.

Na gaya wa koci. Ya ce ya zargi hakan, amma ya ji tsoron tambayata. Na tambaye shi ko za a ƙwace kofin in na yi magana, ya ce a'a, sakamako ya riga ya zauna, ni kaɗai hukunci zai hau. Shugaban ƙungiya ya kira ni ya ce in rufe bakina, alƙalin wasa ya rufe rahotonsa, kada in tono abin da Allah ya binne. Duk da haka na rubuta wa kwamitin gasar. Suka zauna, suka kalli bidiyon, suka dakatar da ni wasa takwas. Ƙafar mutum, Yaya, wasa takwas. Tun daga nan Dogo ya daina gaishe ni, ya ce na tofa yawu a cikin kofin kowa. Wasu da ke kawo mini aikin ƙofa da taga sun koma wani shagon, wasu don na karya mutum, wasu don na faɗa. Ban ga laifin kowa ba. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, sai an yi dubu kafin a fito.

Saboda haka ina roƙonka kada ka aiko da takalman da ka ce za ka saya mini na shiga babban rukuni. Na mayar da rigar kyaftin, ba zan sake bugawa ba. Uwar 'yan biyu ta ce barin wasana ba zai tsirar masa da ƙafa ba, kuma gaskiyarta ce. Sai dai na gwada fita atisaye sau ɗaya, da wani ya nufo ni da ƙwallo sai na ja baya na ba shi hanya. Mai tsaron baya irin wannan ba shi da amfani ga kowa.

An sallami Barewa wata guda da ya wuce. Ɗakinsa a sama yake, matakala goma sha ɗaya ba abin riƙewa, kuma na ji cewa a zaune yake hawa, da baya da baya, matarsa na biye da sandunansa. Na ɗauki tef na je na auna, ba wanda ya ce mini sannu, ba wanda ya kore ni. Asabar ɗin da ta wuce na kai ƙarfen dafawa na kafa tun daga ƙasa har ƙofarsa. Yana zaune a sama yana kallona har na gama. Da na kashe inji ya miƙe, ya kama ƙarfen, ya sakar masa nauyinsa, ya sauko taku biyu ya koma. Sannan ya ce ƙarfen ya yi ƙasa da kamar yatsu huɗu, dogon mutum mai ƙafa ɗaya sai ya sunkuya, kuma ƙafar ƙarfen ta uku ba ta miƙe ba. Na duba, gaskiya ya faɗa. Jibi zan koma in gyara.

Ka gaida Anti da kyau, ka gaida takwaran Baba da ƙannensa mata, ka ce Baffansu yana sa musu albarka. Umma tana gaishe ku, ta ce ka daina fita ba hula. Baba ya ce ka kira shi da rana, kunnensa ya fi ji a lokacin. Gwaggo da Kawu da uwar 'yan biyu duk suna miƙa gaisuwa. In ka ɗaga hannu addu'a, ka fara da mutumin nan da iyalinsa kafin ka zo kaina. Allah ya sada mu da alheri.

Ƙaninka,
wanda kuke kira Bango